Nauyin Ciki Bayan Cin Abinci: Wane Magani Za Ka Sha, Wane Za Ka Bari?

Kai maigida, ke uwargida, ku saurara. Akwai wani ciwo da ya zama ruwan dare a ƙauyukanmu. Ba ya kwantar da mutum, ba ya kuwa barinsa ya sake. Mutum ya zauna gaban akushi da yunwarsa, ya yi loma uku ko huɗu, sai ya ji ya ƙoshi. Wani kuwa ya ci tuwonsa lafiya lau, amma yana wanke hannu sai ya ji kamar an aza masa dutsen niƙa a ƙahon zuci, tun azahar har magariba tuwon bai sauka ba. Ga gyatsa, ga kumburi, ga tashin zuciya. Wani zafi yake ji a wurin, kamar an zuba masa barkono.

In abin ya dami mutum sai ya jira ranar kasuwa, ya tafi wurin mai tallan magani ko ɗan kemis, ya ce, "Ba ni maganin da zai saukar mini da abinci, mai ƙarfi." A yanko masa ƙwaya goma daga kati, ba kwali, ba takarda, ya jefa aljihu. In ta ƙare ya komo. Haka za a yi ta yi wata da watanni.

Wannan takarda a kan waɗannan ƙwayoyi take, watau magungunan da ke tura abinci daga tumbi zuwa hanji. Maganarmu ɗaya ce, za mu kuwa faɗe ta tun da fari. Wajen amfani sun yi kusa da juna, amfanin nan kuwa bai kai yadda ake zato ba. Inda suka bambanta ƙwarai shi ne wajen ɓarnar da kowanne ke iya yi wa jiki. Saboda haka mai hankali, in an miƙo masa ɗayansu, abu uku zai tambaya: wace ɓarna yake yi, ga wa yake yinta, kwana nawa ake shansa a daina.

WANE IRIN CIWO NE WANNAN?

Ciwon ciki iri iri ne. Na wani gyambon ciki ne, wanda ake ce wa olsa. Na wani tsutsa ce. Na wani tsakuwa ce a matsarmama. Na wata kuwa shigar ciki ne. Amma mafi yawan masu kukan nauyin ciki, in likita ya zura musu siririn tiyo mai fitila ta baki ya leƙa tumbinsu, ba ya ganin gyambo, ba ya ganin ƙari, ba ya ganin komai. Tumbin lafiya lau a ido, aikinsa ne ya rikice. Shi muke kira nauyin ciki mara gyambo.

A shekarar 2016 manyan likitocin ciki na duniya suka sabunta ƙa'idodin gane shi, waɗanda ake kira ƙa'idodin Roma. Alamunsa huɗu ne: nauyi bayan cin abinci, ƙoshi da wuri, ciwo a ƙahon zuci, da zafi a ƙahon zuci. Ko ɗaya daga ciki ta isa, muddin ta faro tun wata 6 da suka wuce, ta kuma yi naci cikin wata 3 na ƙarshe, an kuma duba ba a ga wata cuta ba. Sun raba shi biyu. Akwai na masu nauyi da ƙoshi da wuri, akwai na masu ciwo da zafi. Wani mutum yakan haɗa duka biyun.

Ka riƙe wannan: ciwon na watanni ne, wani har shekaru, yana zuwa yana tafiya. Ciwo ne na gaske, ba raki ba ne, kada a yi wa mai shi gori. Amma ba ya kisa, ba ya kuwa rikiɗa ya zama ciwon daji.

YADDA TUMBI KE AIKI

Tumbi jaka ce ta nama mai motsi. In abinci ya shigo, samanta yakan saki ya ba shi wuri. Ƙasanta kuwa ya yi ta murza shi yana juyawa, kamar mace mai dama fura, har ya yi laushi. Sa'an nan ya riƙa tura shi kaɗan kaɗan ta wata 'yar ƙofa zuwa hanji. Cikin kamar awa 4 galibin abincin ya wuce. Abinci mai maiƙo ya fi daɗewa.

Ga mai nauyin ciki, abu uku kan faru. Ko tumbin ya yi nawar tura abincin. Ko samansa ya ƙi saki, ɗan abinci kaɗan ya cika shi. Ko kuwa jijiyoyinsa su cika ji, abin da wani ba zai ko lura da shi ba, shi ya ji shi ciwo. Masu nawar tumbi ba su wuce kamar mutum 1 cikin 3 ba. To, ka ga inda gizo ke saƙa. Maganin tura abinci ga mai nawar tumbi ya fi dacewa, mafi yawan masu ciwon kuwa ba nawa ce ke damunsu ba. In ƙaya ce a ƙafar jakinka, bulala ba ta ƙara masa sauri.

KAFIN A YI MAGANAR MAGANI

Akwai alamun da in ka ga ko ɗaya, ba zancen kemis, ba zancen jiƙe-jiƙe. Sai asibiti, da wuri.

1. Ramewa ba dalili.
2. Aman jini, ko amai baƙi kamar garin gawayi.
3. Baƙin kashi mai danƙo kamar kwalta.
4. Abinci yana tsayawa a ƙirji, haɗiya tana wuya.
5. Amai kullum, ba ya tsayawa.
6. Ƙarancin jini, watau tafin hannu da cikin ido su yi fari, ga kasala da haki.
7. Ƙullutu a ciki, ko ido ya yi rawaya irin na shawara.
8. Dattijo da ciwon ya faro masa sabo da girma, wajen shekara 55 ko 60.

Har wa yau, in nauyi ya danne ƙirji farat ɗaya, da gumi, da numfashi sama sama, ciwon yana harbawa zuwa hannu ko muƙamuƙi, kada a ce ƙwarnafi ne. Yana yiwuwa zuciya ce. A nemi mota nan take.

Ƙwaya tana iya lafar da ciwo ta rufe waɗannan cututtuka, mutum ya yi ta jinkiri har lokacin magani ya wuce.

MAGUNGUNAN, ƊAYA BAYAN ƊAYA

Za mu rubuta sunayensu kamar yadda suke a jikin kwali, don ka iya gwadawa da wanda ke hannunka.

Na ɗaya, metoclopramide. A Faransa aka samo shi a 1964. Ana sayar da shi da sunaye kamar Maxolon da Plasil. Yana da araha, yana ko'ina, akwai ƙwaya akwai allura. Maganin amai ne mai kyau a hannun likita, yana ma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aibinsa shi ne ba ya tsayawa a ciki, har ƙwaƙwalwa yake shiga. Yakan sa barci. Wani ya sa shi rashin natsuwa, ya kasa zama wuri ɗaya. Ga yara da samari, musamman 'yan mata, yakan yi abin ban tsoro cikin kwana ɗaya ko biyu da fara sha: wuya ya murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya zazzago, haƙora su datse. Mutanen gida su ce iska ce, ko farfaɗiya, ko sanƙarau, a yi ta hayaƙi ana neman mai ruƙiyya, alhali ƙwayar jiya ce. In ka ga haka, a daina ba da ƙwayar, a ɗauki yaron da sauran maganin a tafi asibiti. Akwai allurar da ke warware shi cikin ɗan lokaci.

Ga tsofaffi kuwa, musamman mata, in an daɗe ana shansa yakan kawo motsin baki da harshe da fuska wanda mutum ba ya iya tsayarwa, kamar mai taunar goro kullum. Wannan wani lokaci ko an daina maganin ba ya tafiya. Saboda shi ne hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalinsa a 2009. A 2013 kuma hukumar magunguna ta Turai ta yanka masa iyaka: babban mutum kada ya wuce miligiram 10 sau uku a yini, kada ya wuce kwana 5, kada a ba jariri da bai kai shekara 1 ba, kada kuma a yi amfani da shi don ciwo mai daɗewa irin nauyin ciki. Mai farfaɗiya da mai ciwon karkarwa na tsufa ba su shansa sam.

Na biyu, domperidone. A Beljiyam aka haɗa shi a 1974, sunansa na kasuwa da aka fi sani Motilium. Aikinsa a tumbi irin na metoclopramide ne, amma ba ya shiga ƙwaƙwalwa sai ɗan kaɗan, don haka murɗewar wuya ba ta cika aukuwa da shi ba. Shi ya sa aka daɗe ana ganin ya fi lafiya. Ashe nasa aibin a zuciya yake. Yana iya rikita bugunta, wani ya ji faɗuwar gaba, wani ya suma, wani, ko da yake ba kasafai ba, ya faɗi matacce. Haɗarin ya fi ga wanda ya wuce shekara 60, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon hanta, da wanda ke shan fiye da miligiram 30 a yini. A 2014 hukumar Turai ta ce a bar shi don amai da tashin zuciya kaɗai, miligiram 10 har sau uku a yini, kada a wuce mako guda, kada a ƙara ba da shi don kumburi ko ƙwarnafi. A 2019 Ingila ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12.

Ga abin da ya shafe mu ƙwarai a nan ƙasar. Domperidone ba ya jituwa da waɗansu magunguna da muke yawan sha. Akwai erythromycin da clarithromycin na kashe ƙwayoyin cuta. Akwai ketoconazole da fluconazole na ƙaiƙayi da makero da sanyin mata. Akwai kuma waɗansu magungunan zazzaɓin cizon sauro, kamar kwinin da kulorokwin, waɗanda su ma suna taɓa bugun zuciya. Da damina mutum yana shan na zazzaɓi, ga na sanyi, ga na ciki, kowanne daga hannu dabam, ba wanda ya san da sauran. Nan ne haɗari yake. Ban da wannan, yakan sa nono ya kawo ruwa ga macen da ba ta shayarwa, ya ɗauke mata al'ada, ya kumbura ƙirjin namiji.

Na uku, cisapride. Wannan tarihinsa za mu ba ka, don darasi ne. Yana tura abinci ƙwarai, a zamaninsa kuwa likitoci sun so shi, har jarirai aka riƙa ba. Zuwa ƙarshen 1999 hukumar Amurka ta sami rahoton mutum 341 da bugun zuciyarsu ya rikice, 80 daga cikinsu sun rasu. A shekarar 2000 aka janye shi daga kasuwa a Amurka da Ingila, ƙasashe da yawa suka bi. In ka ga wannan suna, ko Prepulsid, a tiren mai talla, kada ka saya ko kyauta ne. Ka ga mai ƙarfi da aka nema, ka ga inda ƙarfinsa ya kai.

Na huɗu, itopride. A Japan ya fito a 1995, da sunan Ganaton. Ana shan miligiram 50 sau uku a yini kafin abinci. Bai cika taɓa ƙwaƙwalwa ko zuciya ba, wannan shi ne alherinsa. Yakan sa gudawa, ko ciwon kai, ko ruwan nono. Amfaninsa fa? An gwada shi a Jamus, aka buga sakamakon a 2006. Waɗansu aka ba su maganin gaske, waɗansu aka ba su ƙwayar wofi, watau ƙwaya mai kama da shi wadda babu magani cikinta, ba wanda ya san abin da aka ba shi. Bayan mako 8, cikin kowane mutum 100 da suka sha itopride, 57 zuwa 64 suka sami sauƙi. Cikin 100 da suka sha ƙwayar wofi, 41 suka sami sauƙi. Aka yi murna. Amma da aka sake manyan gwaje-gwaje biyu, waɗanda aka buga a 2008, bai fi ƙwayar wofi da wani abin kirki ba. Ana amfani da shi a Japan da Indiya da Sin da waɗansu ƙasashe.

Na biyar, mosapride. Shi ma na Japan ne, ya fito a 1998. Dangin cisapride ne wajen aiki, amma bai gaji mugun halinsa ga zuciya ba. Yakan sa gudawa da bushewar baki, ga kaɗan daga mutane kuma yana taɓa hanta. Da aka gwada shi a Turai, gwajin da aka buga a 2002, bai fi ƙwayar wofi ba.

Na shida, acotiamide. Shi ne autansu. Japan ta amince da shi a 2013, shi ne kuwa na farko da aka ba izini musamman domin wannan ciwo. Ana shan miligiram 100 sau uku kafin abinci. A gwajin da aka yi masa na mako 4, mutum 52 cikin 100 suka sami sauƙi, masu ƙwayar wofi kuwa 35. Ga masu nauyi da ƙoshi da wuri ya yi amfani, ba masu ciwo da zafi ba. Ɓarnarsa kaɗan ce, galibi gudawa ko taurin bayan gida. Amma ka lura, can Japan ɗin ƙa'idarsa sai an leƙa tumbi an tabbata ba gyambo ba ƙari kafin a rubuta shi.

Waɗannan uku na Japan sun fi tsada, ba kasafai kuwa za ka same su a ƙauye ba.

Akwai kuma wani tarko. Waɗansu kafso na olsa magani biyu ne cikin ɗaya. Za ka ga an rubuta omeprazole, ko rabeprazole, ko pantoprazole, sa'an nan a gefensa domperidone ko levosulpiride. Mutum ya yi wata uku yana shan "maganin olsa", bai san yana haɗiyar domperidone kullum ba. Levosulpiride kuwa yana shiga ƙwaƙwalwa kamar metoclopramide, yana kawo karkarwa da taurin jiki ga tsofaffi, da ruwan nono. Karanta kwali. In ba ka iya ba, ba ɗan makaranta ya karanta maka.

IN AKA JERA SU

A 2018 wata ƙungiyar masu bincike da ake kira Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 29 da aka yi wa mutum fiye da 10,000, inda aka gwada magungunan tura abinci da ƙwayar wofi. Ga abin da lissafi ya nuna. Sai an ba mutum 7 magani kafin a sami 1 da ya ji sauƙi saboda maganin kansa. In aka cire cisapride, wanda aka riga aka janye, sai an ba mutum 12. Suka ce hujjar ma mai rauni ce ƙwarai, ba ta isa a nuna ɗaya a ce shi ne sarkinsu ba. Metoclopramide da domperidone kuwa, waɗanda su ne a kasuwarmu, ba su ma cikin waɗanda aka gwada da ƙwayar wofi a lissafin nan.

To, duba da kyau. Biyu masu araha, waɗanda hannunka ke kaiwa, ɗaya iyakarsa kwana 5, ɗaya kwana 7. Ciwon kuwa na wata 6 ne ko fiye. Ƙaƙa za a yi maganin ciwon wata shida da ƙwayar kwana biyar? Ko dai ka daina, ciwo ya dawo, ko ka ci gaba, ka shiga haɗari. Uku masu sauƙin ɓarna kuma, ga tsada, ga nisa, amfaninsu ɗan madaidaici. Wanda ya fi kowa ƙarfi an kore shi daga kasuwa tun 2000.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne: kada wani ya saya wa kansa ko iyalinsa ɗaya daga cikin waɗannan don nauyin ciki. In za a sha, likita ko malamin asibiti ne zai zaɓa, bayan ya dubi shekarunka, da zuciyarka, da sauran magungunan da kake sha, ya kuma yanka ranar dainawa.

ABIN DA ZA KA CE, DA AMSARMU

Za ka ce, "Ai na sha, na kuwa ji sauƙi." Ba mu ƙaryata ka ba. Amma ka tuna mutum 41 ɗin nan cikin 100 da suka sha ƙwayar wofi, su ma sun ji sauƙi, da gaske kuwa. Ciwon da ma yana lafawa don kansa, hankali kuma in ya kwanta ciki yakan kwanta. Mutum yakan sayi magani ranar da ciwo ya fi tsanani, washegari da ma sauƙi ke tafe, sai ƙwaya ta karɓi yabo.

Za ka ce, "Asibiti da nisa, ga kuɗin mota, ga kuɗin awo, ga aikin gona." Wannan gaskiya ce, ba mu raina ta ba. Amma ka lissafa abin da ka kashe wurin mai talla cikin wata shida, ka haɗa da ranakun da ka kasa noma. Ba lalle sai babban asibitin birni ba tun da fari. Malamin asibitin sha-ka-tafi na kusa da kai yana iya tambayarka, ya taɓa cikinka, ya dubi idonka, ya gane ko akwai alamar haɗari. In akwai, shi zai tura ka gaba.

Za ka ce, "To, a hana sayar da su mana." A'a. Mai amai da ba ya tsayawa, da wanda aka yi wa aiki, da mai ciwon sukari wanda tumbinsa ya yi nawa, duk suna bukatarsu. Wuƙa tana da amfani a gida, amma ba a ba yaro ita ya yi wasa.

HANYAR DA LIKITA KE BI

A 2017 likitocin ciki na Amurka da Kanada suka tsara matakan maganin wannan ciwo, likitoci da yawa kuwa haka suke bi. Ka lura da inda maganin tura abinci ya faɗo.

Mataki na ɗaya, a nemi wata ƙwayar cuta da ke zama cikin tumbi, sunanta Helicobacter pylori. Likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ita ce ke kawo galibin gyambon ciki. Ana ɗaukarta tun ana yara, ta ruwa mara tsabta da hannu mara wanki, mafi yawan manya a ƙasarmu kuwa suna ɗauke da ita. Ana gane ta da awon kashi ko na numfashi. In an same ta, a sha magani haɗe, iri uku ko huɗu, kwana 10 zuwa 14, a shanye duka. Ba kowa ke warkewa da wannan ba, amma wanda ya dace ya huta, ya kuma tsira daga gyambo. Ka gaya wa likita in kana shan omeprazole ko maganin kashe ƙwayoyin cuta, zama suna ɓoye ta ga awo. Ka kuma tuna, clarithromycin yana cikin wannan haɗin sau da yawa, ba a kuwa gama shi da domperidone.

Mataki na biyu, maganin rage tsamin ciki, irin omeprazole, sau ɗaya a yini kafin karin kumallo, mako 4 zuwa 8.

Mataki na uku, in bai yi ba, ɗan ƙaramin awo na magani irin amitriptyline da dare, don ya kwantar da jijiyoyin tumbi masu yawan ji. In an ba ka shi, kada ka ce an mai da kai mai taɓin hankali. Tumbin ake nufi.

Sai bayan waɗannan ake zuwa kan maganin tura abinci, na ɗan lokaci, musamman ga mai nauyi da ƙoshi da wuri. Watau abin da ka fara da shi a kasuwa, shi likita ke ajiyewa can baya.

ABIN DA ZA KA YI A GIDA

1. Rage malmala, ƙara yawan ci. Gara ka ci kaɗan sau huɗu ko biyar da ka yini da yunwa a gona ka cika ciki da dare.
2. Rage maiƙo: soye-soye, da kitse, da man da ke iyo a kan miya. Maiƙo ne ya fi tsai da abinci a tumbi.
3. Ci a hankali, ka tauna sosai.
4. Kada ka kwanta da ƙoshi. Bari awa 2 ko 3 su wuce.
5. Lura da abin da ke tayar maka da shi. Na wani yaji ne, na wani goro ko shayi mai kauri da safe ba a ci komai ba, na wani lemon kwalba. Abin da ya dame ka shi za ka rage, ba sai ka haramta wa kanka komai ba.
6. Bar taba, ta sha da ta baki.
7. Yi hattara da maganin ciwon jiki da ake sha bayan an taso daga gona: asfirin, da ibuprofen, da diclofenac, da piroxicam, da garin ciwon kai na ƙullin takarda mai asfirin a ciki. Suna cin tumbi, har su huda shi. Farasitamol ya fi su sauƙi ga ciki, in an bi ƙa'idarsa.
8. Kada ka mai da jiƙon kanwa abin sha kullum. Tana lafar da zafi na ɗan lokaci, amma gishirinta nauyi ne ga zuciya da ƙoda, balle ga mai hawan jini da mai jego.
9. Da azumi, a buɗe baki da ɗan abu mara nauyi, a huta, sa'an nan a ci tuwo.
10. Damuwa da rashin barci suna tayar da shi. Uwargida da ke fama da nauyin ciki, a dubi nauyin da ke kanta.

IN AN RUBUTA MAKA ƊAYANSU

Ka tafi asibiti da dukan magungunan da kake sha, na Bature da na gargajiya, cikin leda guda, ka zube su gaban malamin. Mace ta faɗa in tana da ciki ko tana shayarwa. Ka faɗa in kana da ciwon zuciya, ko hanta, ko ƙoda, ko farfaɗiya, ko ka taɓa suma. Ka tambayi sunan maganin, da ranar da za ka daina, da alamar da in ka gani za ka komo. Ka saya cikin kwalinsa, mai lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. In kwanakin sun cika ba ka ga canji ba, kada ka ƙara awo, kada ka sake saya, koma wurin wanda ya rubuta. In ya rage, kada ka ba maƙwabci don ka ji yana gyatsa irin taka. Ciwonku yana iya zama ɗaya, zuciyarku ba ɗaya ba ce. A ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure da cikin gida, musamman tsofaffi, don su ne suka fi daɗewa kan ƙwaya ɗaya, su ne kuma ta fi yi wa ɓarna. In kunne ya ji, jiki ya tsira.